Shafuka Biyar na Tufaha

Duk wanda ya zauna a layinmu na Or Yehuda ya san ƙarar da ke fitowa daga tagar Tufaha Shahrabani da hantsi: ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar kaza tana tsintar hatsi a faranti. Tsinken ƙarfe ne yake huda takarda mai kauri. Mun daɗe muna jin sa har muka daina ji.

A shekara ɗaya iyayenmu suka taso da mu, ni da ita, daga Bagadaza, tare da sauran Yahudawan unguwarmu, aka sauke mu a tantuna. Da ruwan farko ciwon ido ya bi yara. Yawancinmu mun warke. Tufaha tana da shekara bakwai. Aka kai ta makarantar makafi a Urushalima, ta dawo bayan shekara goma da ɗan allon ƙarfe mai ramuka jeri-jeri da tsinkensa a aljihu. Ta yi aikin haɗa waya a ofishin gari har lokacin da waya ta koyi haɗa kanta. Ba ta yi aure ba. An nema, wannan na sani.

Aikin da ta ɗora wa kanta shi ne kwafar addu'o'i zuwa rubutun makafi. Ɗakin karatun makafi yakan aiko da littattafai da faifan saurare, amma faifai ba shi da amfani ranar Asabar, ranar hutunmu mai tsarki, tunda ba mai taɓa maɓalli, kuma addu'o'in da ke littattafan ba duka ne irin namu na mutanen Bagadaza ba. Sai maƙwabciya ta zauna ta karanta mata, ita tana hudawa. Daga Ramla da Biyasheba ake aiko mata da saƙo. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, sai dai ta ce takarda ta yi tauri.

Ƙanenta Kadduri ɗinkin littattafai yake yi, bango biyu tsakanin shagonsa da ɗakinta. Duk littafin addu'ar da ya yage a majami'armu ta hannunsa ya bi. Nata ne kawai bai taɓa ɗinkawa ba.

"Yaya, wannan ba rubutu ba ne, ƙyanda ce ta fito wa takarda," in ji shi.

"Je ka shafa wa fuskarka manne, Auta, ko gemun nan zai tsaya wuri ɗaya."

Haka suke tun suna yara.

Kowace shekara, a Asabar ɗin da ke gaban ranar rasuwar mahaifinsu, Kadduri ne yake hawa ya yi karatun annabawa a gaban jama'a. Aya ashirin da ɗaya. Shekara talatin da huɗu bai ba kowa ba. Sai ciwon sukari ya shiga idonsa. Na farko ya tafi a hankali, na biyu bai jira ba. Saura wata takwas ranar ta zagayo, Abu Sabah, mai tsara wanda zai hau karatu, ya same shi a shago da magana mai laushi: ga surukin Kadduri nan, muryarsa ba laifi, ladan ma duk na gida ne.

"Surukina yana karatu kamar mai kirga kwalabe," in ji Kadduri.

"To ka yi da ka. Ai ka haddace."

"Abin da aka rubuta, daga rubutu ake karanta shi. Kai ma ka sani."

Wannan ƙa'ida ce tsohuwa a wurinmu. Hakam Menashshe, malamin majami'ar, ya aiko masa cewa wanda ba ya gani an ɗauke masa. Kadduri ya ce a gode wa Hakam. Daga ranar bai ƙara zuwa addu'ar safe ba.

Mako biyu suka wuce. Ran nan Tufaha ta shiga shagon da sandarta, ta lalubi bencin aikinsa, ta ture kwanon manne, ta ajiye takarda guda.

"Ba ni hannunka."

"Na me?"

"Zan duba maka ko za ka yi arziki. Ba ni, na ce."

Ina zaune a wurin, na kawo masa burodi. Ya miƙa hannu, yatsansa ya tafi kai tsaye kusurwar dama ta sama, inda kowane ɗan Yahudawa yake fara karatu tun yana shekara uku. Ta ɗauke yatsan ta mayar hagu.

"Daga nan."

"Daga hagu? Harshe mai tsarki?"

"Daga hagu."

Ya janye hannunsa kamar ya taɓa tukunya. Ya ce jaridar Faransa ce ake karantawa daga hagu, da takardar magani. Ya ce ashe shekara hamsin tana tafiyar da maganar annabawa da baya-baya kamar jakin da ya ƙi gada, ba wanda ya sani. Ya ce mahaifinsu da ya ji haka da ya tashi zaune.

"Baba ne ya saya mini allon," in ji ta. Ta ɗauki takardarta ta fita.

Na ɗauka magana ta ƙare. Washegari ta dawo, ba da rubutu ba, da allon da tsinken. Ta maƙala farar takarda a ciki, ta damƙa masa tsinken, ta kama wuyan hannunsa.

"Yau ba karatu. Rubutu za ka yi. Ina za ka fara?"

Ya kai hannu hagu, yana huci. Ta buge shi.

"Dama, jakin gada. Wa ya koya maka rubuta Ibrananci daga hagu?"

Ta sa shi ya huda harafi huɗu, daga dama zuwa hagu, sunansa. Sannan ta zare takardar ta kifa ta, tudun ɗigon suka koma sama, ta ɗora yatsansa a kai. Abin da ya fara hudawa a dama, yanzu yana hagu.

"Ka gani? Daga dama ake rubuta shi, kamar kowane littafin da ka taɓa ɗinkawa. Yatsa ne kawai yake zagayowa ta baya, don ta gaba an rufe masa ƙofa."

Kadduri ya daɗe yana shafa haruffan nan huɗu. Daga baya ya ce burodin da na kawo na jiya ne.

Ba zan ce koyon ya zo da sauƙi ba. Yatsun da suka yi shekara arba'in cikin zare da manne sun yi kanta, ciwon sukari kuma ya rage musu ji. Ta sa shi jiƙa su a ruwan ɗumi yana shafa man zaitun. Manuninsa na dama ya ƙi, sai ta gano na hagu ya fi ji, tunda ba shi ke tura allura ba. Kullum bayan shayin safe, awa guda. Ta taga muna jin su.

"Wannan ɗigo uku ne."

"Huɗu ne."

"Yaya, ɗaya ya gudu."

"Yana nan. Kai ne ka danne shi kamar kana kashe kuɗin cizo."

A wata na shida ya dawo addu'ar safe. A na bakwai ta huda masa karatun duka, da wasulansa, shafi biyar, ta bar fili a gefen hagu na kowane shafi don ɗinki. Abu Sabah ya zo ya saurare shi sau ɗaya, ya tafi bai ƙara ambaton suruki ba.

Ranar Alhamis ta ƙarshe Kadduri ya ce ba zai hau gaban jama'a da takardu warwatse ba kamar mai kai ƙara. Ya rufe shago, ya yanka kwali, ya ɗinke su da lalube, ya sa bangon fata. Aikin ya yi kyau, na riƙe shi a hannuna. Juma'a da hantsi ya kai wa yayarsa tana cusa shinkafa a cikin kazar da za ta kwana a wuta. Ta goge hannu, ta buɗe, ta bi layin farko. Yatsanta ya tsaya.

"Auta, ta wane gefe ka ɗinka?"

"Ta inda ake ɗinka littafi."

Ta dama ya ɗinka. Hannunsa bai tambaye shi ba. Filin da ta bari yana hagu ba a taɓa shi ba, zaren kuwa ya haɗiye harafi biyu na ƙarshen kowane layi, allura ta bi ta cikinsu ta ƙara ramukan da ba nasu ba. Ko an warware, shafukan sun tafi. Kuma da zarar an kunna fitilun Asabar da yamma, ba huda, ba yanka, ba ɗinki.

Ya zauna a kan buhun shinkafa. Ya ce a aika wa surukinsa.

"Tashi daga kan abincina," in ji Tufaha. "Ƙarfe nawa?"

Na ce sha ɗaya saura.

Ta sa ni na ɗauko littafin bugu na zauna in karanta. Ta jawo allo biyu daga aljihun tebur, nata da wani tsoho. Ta tura masa tsohon.

"Huɗu nawa, na farko naka."

"Ni? Zan ɓata."

"Ka riga ka ɓata. Yanzu gyara za ka yi."

Na karanta mata aya, na juya na maimaita masa kalma. Nata tsinken yana gudu, nasa yana ɗingishi. Sau biyu ya huda ba daidai ba aka sake takarda, kuma ba a zubar da ko ɗaya ba. Ta ce a haɗa da na ɗinkin a kai akwatin majami'a inda ake tara tsofaffin littattafan da za a binne. Kazar ta shiga wuta a makare. Ta gama huɗunta wajen ƙarfe uku, ta naɗe wuyan hannunta da tsumma mai sanyi, ba ta karɓi nasa ba ko da ya miƙo. Ya huda harafin ƙarshe rana tana kan rufin maƙwabta. Ba lokacin ɗinki. Ta maƙale su da abin shanya tufafi, a hagu.

Da safe majami'a ta cika fiye da yadda ta saba. Kadduri ya hau, ya shimfiɗa takardunsa, ya fara. Muryar tana nan yadda muka san ta, sai dai tana jiran yatsa. Mutanenmu ba sa barin kuskuren mai karatu ya wuce, ko Hakam ne sai an gyara masa daga kujeru. A aya ta uku ya faɗi wasali ba daidai ba. Kowa ya ji. Ba wanda ya yi magana. Abu Sabah ya dubi ƙasa.

Daga sama, ta bayan labulen mata, aka faɗi kalmar daidai, da murya irin ta mai haɗa waya.

Kadduri ya tsaya. Ya mayar da yatsa baya, ya lalubi wurin. Shafinsa ne, hudarsa ce. Ya maimaita kalmar yadda take, ya ci gaba. A aya ta goma sha ɗaya ya sake tuntuɓe, wannan karon mutum shida suka gyara masa a tare, har da surukin, da ƙarfi, ba ladabi. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya kai ƙarshe, ya sauko, aka miƙa masa hannu kamar kowace shekara.

A bakin ƙofa ana rabon dafaffen ƙwai Abu Sabah ya tambayi Tufaha ko a rubuta Kadduri na baɗi.

"Rubuta shi," in ji ta. "Kuma wata mata a Ramla tana jiran addu'o'in sabuwar shekara, shafi casa'in. Ka gaya masa ranar Lahadi ya zo da zarensa. Ni zan nuna masa gefen."