Ukun da Aka Daskarar

Takardar ta shigo wayata ne ranar wata Litinin, ina tsakiyar duba jarrabawar 'yan aji uku. Na biya shagon da ke bakin layinmu a Sabon Gari aka buga mini ita, na ninke ta gida huɗu kafin mai shagon ya kai idonsa. Daga asibitin da aka yi mini dashen ciki ta fito, can wani gari mai nisa da muka zaɓa don kada mu haɗu da idon sani.

Shekara goma sha ɗaya muka yi ba haihuwa kafin mu je. Likitoci suka haɗa ƙwaina da na maigidana a ɗakin gwaji, aka samu 'yan tayi huɗu, kowanne ƙwayar gero ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Aka sa mini ɗaya, ita ce 'yarmu. Ukun aka daskarar da su, da niyyar za mu koma. Wajen haihuwa jini ya ɓalle mini, sai da aka cire mahaifar ɗungurungum. Ke nan ukun ba su da wurin komawa.

Yanzu wa'adin ajiya ya cika, in ji takardar. Mu zaɓi ɗaya: a narkar da su a zubar, ko a ba wasu ma'aurata da ba za mu taɓa sani ba, ko a ba masu bincike. Sa hannun mu biyu ake so, kafin ƙarshen wata.

Ban ko zauna ba na ja layi a kan zaɓi na uku. Kimiyya nake koyarwa, na san abin da ake nema a jikin tayi: ƙwayoyin asali, waɗanda za a iya juya su su zama jini ko jijiya. Na kuma san idan aka ciro su, tayin ya tafi ke nan. Amma ina da ƙane mai sikila, malamin firamare a Bungudu, wanda tun yana rarrafe nake danna masa ƙafafu yana ihu. Ba wanda ya yi mini alkawarin magani. Ni dai na ga gara su yi wa wani amfani da a zubar.

Maigidana dattijon coci ne. Ba shi da faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don mutum ne da zai ce maka a'a yana murmushi, ka dawo baɗi ka tarar da a'ar tana nan inda ka bar ta. Ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye kusa da kwanon tuwo.

"Uwargida, ɗiyana na. Ban sa hannu a yanka su."

"Yanka? Abin da ko kai ba ya da shi?"

"Allah ya san mutum tun ba ya da kai. In rai na, ba mu da ikon kashe wani don wani shi warke, ko da ƙanenki na."

"To a ba wasu, su haife su."

Nan ya ce jininsa ba zai tashi a gidan da bai sani ba. Wa ya san addinin da za a koya musu? Wa ya san ko wata rana ɗayansu zai zo neman auren 'yar'uwarsa? Na ce ashe narkarwa yake so. Ya ce Allah ya kiyaye. Zaɓi uku aka ba shi, ya ƙi ukun, ya wanke hannu ya ci tuwonsa.

A cocinmu akwai wani ɗan akwati a bakin ƙofa. Mai damuwa ya rubuta ba suna, ya jefa, ranar Laraba da la'asar Baba Fasto ya karanta a yi addu'a. Wannan Larabar ina zaune layin mata, 'yata a cinyata tana wasa da ɗankunnena, sai na ji Baba Fasto ya gyara tabarau yana karanto: "A yi wa wasu iyali addu'a. Suna da 'ya'ya uku a cikin ƙanƙara a asibiti, matar tana so a ba masu gwaji."

Ba mu kai mutum sittin ba a cocin nan. Iyali nawa ne suka yi shekara goma sha ɗaya, suka riƙa ɓacewa da sunan ganin likitan ido, suka dawo da ciki? Ba wanda ya waiwayo, amma na ji duk bencin ya sandare. Matar da ke gefena ta saci kallon 'yata, kallon da ake yi wa kaya a kasuwa. Baba Fasto, bawan Allah, shi kaɗai ne bai gane ba. Ya yi doguwar addu'a cewa Ubangiji ya taɓa zuciyar matar nan, kada ta ɗauki jini a hannunta. Jama'a suka ce amin, har da mijina.

Shekara huɗu muna ɓoye yadda aka samu yarinyar nan, ko uwata ba ta sani ba. Na san shi ya jefa takardar nan a akwatin. Muna shiga gida na rufe ƙofa na sauke masa kwandon masifa. Na ce ya tona wa mai rai asiri don waɗanda ke cikin firji. Na ce nan gaba a makarantar Lahadi za a kira 'yarsa 'yar kwalba. Ya ce ai bai sa suna ba. Har ga Allah ya yarda da hakan, shi ya sa na ji kamar in shaƙe shi. Kwana tara ba mu yi magana ba sai ta bakin yarinya.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Bungudu, don in samu wanda zai tsaya mini. Na tarar da ƙanena a kan tabarma, ciwon ya sake shi kwana biyu ke nan, idanun nan sun yi rawaya. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Yaya, in da magani za shi hito, wallahi ina so. Na gaji." Ya nisa. "Amma kak ki sa sunana ciki. In kin ba da su, ki ce ke kika ba da. Ban iya ɗaukar wannan bisa ga wanda nike ɗauke da shi."

Na dawo Gusau da haushinsa shi ma.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika ni da maigidana muka kama hanyar asibitin, kujera ɗaya, kowa na kallon gabansa. Takardar tana jakata, da sa hannuna ni kaɗai. A Tsafe direba ya tsaya jiran ayarin motoci, don ba mai son shiga dajin gaba shi kaɗai. Na sauka na koma bayan wata rumfar mai rake, na kira matar da ke kula da ɗakin gwajin. So nake ta ce mini ukun ba su da ƙwari, in kai wa mijina hujja.

Ta duba fayil, ta ce duka huɗun lafiyayyu ne, maki iri ɗaya aka ba su.

"To ya aka yi kuka zaɓi wadda kuka sa mini?"

"Ba wani zaɓi, madam. Ita ce ta farko a jeri."

Na tsaya riƙe da waya har ta kashe. Da hannun matar nan ya fara ta ɗaya gefen, da yarinyar da na yi wa kitso jiya tana cikin ukun, da sa hannuna a kanta. Har yau ban san ko tayin kwana biyar mutum ne ba. Na dai san a wurin nan hannuna ya ƙi.

Na koma mota na zaro takardar, na soke layina, na ja sabo a kan na biyun, wato a ba wasu ma'aurata. Na ɗora masa a cinya tare da biro.

"Maigida, na janye. In ɗiyanka na, to bar su su rayu, ko a gidan wa."

Ya kalli takardar har motocin gaba suka fara tashi. Ya ce, "Ba mu ko ganin su?" Na ce ba mu gani. Ya rattaba hannu, takardar na kan gwiwarsa, rubutun ya karkace kamar na ɗan aji ɗaya.

Asibitin ba ya faɗin waɗanda aka ba, mun kuma sa hannu cewa ba za mu tambaya ba. Idan sun kama, bana suna da shekara biyar. Shi maigidana ya daina zuwa taron Laraba na tsawon lokaci, ni kuma na koyi wani mugun hali: ko a tasha, ko a asibiti, in na ga yaro mai faɗin goshi irin na mijina, sai na bi shi da ido har uwarsa ta jawo shi jikinta.