Gwaggo, Wadda Zakara Ta Koyi Kayarwa a Jikinta

Da sassafe, kafin motoci su cika titi, Gwaggo ta riga ta buɗe ɗakin judo, wasan nan mai kama da kokawa. Takan cire takalmi a bakin ƙofa, ta ɗauki bokiti da tsumma, ta bi katifun wasa ɗaya bayan ɗaya tana gogewa a durƙushe. Inda ta ga ɗinki ya ɓalle, sai ta zaro allura daga gefen ɗankwalinta ta kama shi. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

A takarda, mai shara ce. Amma da ƙuruciyarta ita ma 'yar wasa ce, har an sa sunanta cikin masu zuwa gasa a ƙasar waje. Saura mako biyu a tafi, gwiwarta ta goce a wajen atisaye, aka tafi aka bar ta. Da ta warke sai ta dawo ɗakin ta nemi aikin goge-goge, don kawai ta riƙa jin ƙarar faɗuwa a kan katifa.

'Yan mata ba su da yawa a ɗakin, sau da dama yarinya takan rasa abokiyar kamawa. To, a nan ne Gwaggo kan ajiye bokiti, ta ɗaura baƙar ɗamararta da ta koɗe, ta ce, "Zo ki kama ni, 'yata. Kada ki ji tausayina, ni ba ƙwai ba ce."

A jikinta Guguwa ta koyi wasa. Guguwa 'yar wani mai faci ce, ta zo tana shekara tara, tana tsoron faɗuwa kamar me. Bana, tana da sha shida, aka zaɓe ta zuwa gasar matasa ta duniya. Kocinsu ya zauna ya kalli bidiyon waɗanda za ta kara da su. Wadda ta fi kowa a ajin nauyinta bahaguwa ce, da hagu take kama wuyan riga, kuma duk ɗakin babu bahago ko ɗaya.

Gwaggo tana matse tsumma ta ce, "Koci, daga gobe ni bahaguwa ce."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta koma shara da hagu, ɗaukar bokiti da hagu, komai da hagu ban da cin abinci. Wata uku cur tana kama Guguwa da hagu, Guguwa tana maka ta da ƙasa, ta tashi ta ce a sake. Babbar 'yar Gwaggo ta zo har ɗakin ta yi faɗa. "Mama, jikokinki uku fa! Gwiwar nan kike so ki ƙarasa?"

"Katifa ce, ba kwalta ba," in ji Gwaggo. "Matsa, kina tare mana fili."

Ranar wasan ƙarshe, da la'asar, iyaye da 'yan wasa suka cika ɗakin, aka ɗora talabijin a kan benci. Kamar yadda koci ya hango, Guguwa da bahaguwar ne suka rage. Minti huɗu suka ƙare ba wadda ta ci maki, aka shiga ƙarin lokaci. Guguwa tana haki, ƙafafunta sun fara nauyi. Bahaguwar ta miƙo hannun hagu za ta cafki wuyan riga. Gwaggo ta miƙe tsaye ta kwatsa ihu, "Yanzu!" Kamar ta ji ta, Guguwa ta nutse ƙarƙashin hannun, ta juya, ta ɗauko ta a kafaɗa ta shimfiɗe ta da baya. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu sama. Zinare!

Ɗakin ya kaure. Mai faci ya fita titi a guje ba takalmi yana shaida wa masu wucewa. Gwaggo kuwa dariya take yi, hawaye na zuba. "Haka take yi mini kullum! Yau wata ma ta ɗanɗana!"

Da ɗan jarida ya tambayi Guguwa yadda ta iya da bahaguwa, sai ta ce, "Ai na saba da ita. Wata uku ina kayar da ita a gida. Gwaggo muke ce mata, ita ke goge mana katifa."

Gwaggo, ke ce ƙasar da zakara ta taka ta tashi. Ke kika faɗi sau dubu don yarinya ɗaya ta tsaya a kan dandamali. Ba a rataya miki lamba ba, ba a buga miki take ba, amma duk wanda ya shiga ɗakin nan ya san hannun da ya yi aikin. Mun gode, uwar 'yan mata. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya sa ki huta cikin jikokinki.

Ku kuma tsofaffin 'yan wasa da kuka naɗe ɗamara kuka jefa ƙasan akwati, ku zaro ta. Tun bayan nasarar nan, sababbin yara mata goma sha ɗaya aka kawo ɗakin. Suna nan a jere bakin katifa, suna jiran wadda za su kama.