Itacen da Sarkin Bariki Ya Miƙar

Duk tsawon aikina na gadina, wato mai lambu, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wadda Mai Lofe ya dawo daga hutu ya tarar mun yi wa itacensa gyara.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Dutse tana ƙarƙashin Kano, kuma akwai bariki a gefen duwatsu inda Baturen rangadi yake sauka. Mai kula da irin wannan gida shi ake kira Sarkin Bariki. Daga shi sai kuku, sai ni mai lambu, sai jakin ɗiban ruwa, wanda wani lokacin ya fi ni faɗa a ji. Sarkin Barikinmu Baba Tanko ne, dattijo daga wajen Miga, mai tarin iyali, kuma duk a aikin nan suke ci.

Wata damina Baturen, wanda muke kira Mai Lofe, ya zo da wani ɗan itace a cikin garwa. Rassansa duk ƙasa suke kallo, kamar gashin da aka tsefe. Sunansa ya gagari harshena, na raɗa masa Sunkuyau. Bature ya nuna mini wani ƙulli a wuyan itacen, ya ce nan aka yi masa aure, gindin daban, kan daban. Duk reshen da ya tsiro ƙasan ƙullin ya miƙe sama, a yanke shi. Masu lanƙwasa kuwa a bar su, a riƙa datse bakinsu kada su share ƙasa. Ruwa safe da yamma, toka a gindi saboda gara. Wato a kashe mai lafiya, a yi rainon gurgu. Na ce to, tunda ba ni na sayo ba.

Da Bature ya tafi hutu, Baba Tanko ya zo ya daɗe yana kallon itacen.

"Audu, abin nan mutuwa zai yi."

"Baba, Bature ya ce haka halittarsa take."

"Kai ma ka san Hausar Bature. Wane mai hankali ne zai ɗauko itace daga bayan teku don ya sunkuya? In ya mutu, ni za a kora, ba kai ba."

A nan bai yi ƙarya ba, an sha korar mutum a kan abin da bai kai haka ba. Ya sa aka saro gwafanni, aka tokare kowane reshe, aka ɗaure da igiyar rama. Wani tsiro ya fito a gindi ya miƙe sambal, Baba Tanko ya hana ni taɓa shi, wai shi ne ɗan halak. Babba ya yi magana, na riƙe igiya.

Ranar da Mai Lofe ya dawo, daga kan doki ya nufi lambu. Itacen na tsaye hannuwa sama kamar wanda 'yan fashi suka tare. Bai yi tsawa ba, da ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya cire lofe daga baki, ya ce wa Baba Tanko gobe da safe ya kawo makullan bariki. Sannan ya ƙara, cikin Hausarsa mai tsalle-tsalle, "A ƙasarmu irinsa ake dasawa don mamaci. Matata ta mutu a Kano. Zazzaɓi. Nata ne." Ya shige ɗaki.

Na kwance gwafannin, na yanke ɗan halak, Baba Tanko bai ko kalle ni ba. Can ya ce, "Yaushe aka yi rasuwar?"

"Kafin ya kawo itacen dai, Baba."

"Innalillahi. Mutum yana cikinmu, ba wanda ya ce masa sannu?"

Na tuna masa zancen makulli. Ya ce makulli ba ya gudu.

Washegari ya zo da tabarma a hammata, dattawan unguwa biye da shi, ɗaya riƙe da ƙwaryar gumba. Suka shimfiɗa a gindin Sunkuyau, aka kira Bature. Ya fito fuska a ɗaure, ya zaci roƙo aka zo.

Baba Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, ba maganar aiki ba ce. Ta'aziyya muka zo, mun makara. Allah Ya ba ka haƙuri."

Kowa ya faɗi nasa. Mai Lofe ya tsaya ya rasa inda zai sa hannuwansa. Daga baya ya tuɓe takalmi ya zauna a bakin tabarmar. Aka miƙa masa gumba, ya gutsira ya haɗiye da ƙyar. Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma wallahi tausayinsa ya kama ni, ni da na kwana ina tsine masa.

Da za a tashi, Baba Tanko ya zaro makullan ya ajiye a gabansa. Bature ya dube su, ya tura masa abinsa, ya ce shi bai san wannan zancen ba.

Ku da kuke shiga aikin nan yanzu, datse reshe ba wuya, a wuni ɗaya za a koya muku. Abin da na koya a ranar shi ne, aikin gidan wani yana sa ka san daidai zafin ruwan wankansa, amma ka kasa sanin an yi masa mutuwa.