Mma Lariba ta Ɗakin Bakwaini

Da an idar da sallar asuba, Mma Lariba kan fito daga lungunsu a unguwar Maamobi, ta tsallake kwata ta tari motar haya ta trotro zuwa babban asibiti. Aikinta a ɗakin jarirai bakwaini shi ne goge ƙasa, wankin tsummoki da tafasa kofuna. Tun kafin 'yancin kai take yinsa, kuma a watan nan za ta ajiye. Ba don ta yi magana da kowa aka ɗauke ta ba. Amma ku tambayi Fulera.

Fulera matar Seidu ce, ɗan dako a kasuwar Nima. Ba ta daɗe da zuwa daga arewa ba ta haifi namiji a wata bakwai, ɗan mitsitsi. Aka sa shi a kwalba, da roba a hanci. Nas-nas suna iya ƙoƙarinsu, sai dai Turanci da yaren Ga suke yi, ita kuwa ba ta jin ko ɗaya. Sai ta koma karanta fuska. In nas ta ɗaga ƙafa da sauri, sai Fulera ta bi ta da ido. Yau yaro ya motsa hannu, gobe leɓensa ya yi shuɗi, a rufu a kansa. Har nononta ya fara ƙafewa.

Wata safiya Mma Lariba ta same ta tsugune a baranda.

"'Yata, me suka ce miki?"

"Ban ji ba, Mma. Ya mutu ne?"

Ta jingine tsintsiya, ta shiga ta tambayo. "Yana nan. Numfashinsa ne ya ɗauke, sun taso shi. Zai iya sake yi."

"Zai rayu?"

"Ban sani ba. Su ma ba su sani ba. Amma yana buƙatar nononki. Tashi."

Ta ba ta koko mai zafi, ta zauna da ita tana koya mata tatsa a kofi, ɗigo-ɗigo, Fulera na kuka.

Ranar suna Seidu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a dakata, yana tsoron raɗa suna ga wanda gobe za a binne. Mma Lariba ta ce, "Malam Seidu, ko yini guda ya yi a duniya, mutum ne." Ta roƙi nas aka bar shi ya shiga. Ya sunkuya jikin gilashin kwalbar, ya ce, "Mansuru." Da la'asar zazzaɓi ya rufe yaron, aka koma zaman zullumi.

Sai da damina ta wuce Fulera ta fita da shi a ƙirjinta. Yanzu Mansuru na gudu a lungunan Nima, amma har yau in yana barci, sai uwarsa ta kai yatsa hancinsa ta ji numfashi.

Mma, ke ce ba ki taɓa yi wa mai jego ƙarya don ta yi shiru ba. Ba duka ne suka fita da goyo ba. Waɗanda suka fita hannu wofi, ke kika riƙe su har bakin mota.

Mun gode, uwar masu jiran tsammani. Allah ya saka miki da alheri. Mu kuma 'yan unguwannin zango masu jin harshe biyu ko uku, mu riƙa leƙa barandar nan. Ko yau akwai wata tsugune a can, an yi mata bayanin ɗanta, ba ta ji ba.