Tsagar da ke Kan Waya

Shekara talatin Malam Zailani yana gyaran talabijin a Sabon Gari, amma tun bara idonsa ya daina bambanta ja da rawaya, kuma bai faɗa wa kowa ba. Duk wayar gem mai kawuna uku, mai haɗa na'urar wasa da talabijin, da ta shigo hannunsa, sai ya yi wa kan rawayan tsaga da reza, don yatsansa ya gane na hoto.

Wata Asabar Judit mai shagon gem ta kira shi da gaggawa. Ana tsakiyar gasar ƙwallo waya ta tsinke, samari sun cika shagon suna hayaniya.

"Baba, ga sabuwa, jona mana!" in ji Judit.

Ya tsuguna bayan talabijin, ya shafa kawunan uku. Sumul, babu tsaga.

"Tsoho, launi da launi kawai za ka haɗa!" wani ya daka masa tsawa.

Ya ƙure muryar talabijin, ya soka kan farko a ramin sauti, ihun 'yan kallon cikin gem ɗin ya tashi. Ya gwada na biyu, sai ƙugi kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Wannan ne na hoto. Ya mayar da shi ramin hoto na sama, filin ƙwallo ya bayyana kore shar.

Da ya miƙe, Judit kaɗai ke kallonsa. Tsohuwar wayar na hannunta, yatsanta a kan tsagar.

Bayan mako guda ya dawo, ya shafa wayar, ya ji tsaga. Ba shi ya yi ta ba.