Ƙugun Ɗan Mabry

Lucius Pettway ya yi furfura a filin wata ƙaramar sakandare a Mississippi, yana koyar da ƙwallon nan da ake cafewa da hannu ana karo. Da rana gyaran bututun ruwa yake yi, da la'asar ya koma wajen yaransa masu tsaron gefe, waɗanda aikinsu shi ne su manne wa mai tseren abokan hamayya, su hana shi cafe ƙwallo. Mutum ne marar kwana-kwana. In ya sa yaro ya yi gudu da baya, ya ce masa ya juya, a ƙugun yaron yake karanta makomarsa.

Wata shekara aka kawo masa Kendrell, ɗan Dwight Mabry, dattijon cocinsu. Yaro ne ƙaƙƙarfa mai ido, in ya yi karo da mutum sai an ɗaga mutumin daga ƙasa. Amma ƙugunsa a sandare yake, kafin ya juya an wuce shi.

Lucius ya tari uban bayan atisaye.

"Ɗan'uwa Mabry, yaron nan ba na gefe ba ne. A mai da shi can baya ta tsakiya, inda zai hango fili gaba ɗaya. A can zai yi suna."

"Tsakiya? Wa ke kallon na tsakiya?" in ji Mabry. "Masu neman 'yan wasa, na gefe suke tambaya. Koci, kai dai ka tsaya ga bututunka."

"Bututun ma in ka lanƙwasa shi inda bai so, fashewa yake."

Mabry ya ɗauke ɗansa ya kai shi wani sansanin horo a birni, inda wani mai zaƙin baki ya auna hannun yaron da tsayinsa kamar mai sayen rago, ya ce ba a taɓa yin na gefe irinsa ba. Daga nan aka canza masa makaranta.

Da kaka ta yi, ran wata Juma'a, makarantun biyu suka haɗu. 'Yan wasan makarantar Lucius ba su ɓata lokaci ba, suka dinga jefa ƙwallo ta gefen Kendrell, ana wuce shi kamar an dasa shi. Lucius bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan, domin daga cikin 'yan kallo muryar Mabry ce ke tashi: "Rago kawai! Ka ba ni kunya!" Yaron ya cire hular kwanonsa, ya tsaya yana kallon ƙasa. Bai sake sa ta ba. Yanzu yana aiki a kamfanin sarrafa tarwaɗa.

A wajen suyar kifi ta coci, Mabry ya zauna kusa da Lucius, bakinsa duk maiƙo.

"Ka ga abin da yaron nan ya yi mini? Ba shi da zuciya, halin dangin uwarsa ya ɗauko."

Lucius ya dube shi, ya ji kifin ya koma masa kamar sabulu a baki. Ya ajiye farantin, ya tashi ya bar wurin.

Har yau yana filin da la'asar. Sai dai in uba ya matso yana tambayar inda ɗansa ya fi dacewa, Lucius yakan tofar da yawu gefe, ya kira yaron shi kaɗai ya gaya masa.