Irin Wardin da Ya Ƙi Tsira

Jiya na ji maƙwabciyata tana zuba irin masara a kwanon ruwa, sai ƙarar ta mayar da ni gidanmu na ƙauye, can wajen Kagoma, inda kakata ta raine ni.

Kakana ya yi shekaru yana kula da lambun furanni a gidan mishan. Da aka sassare lambun don a yi gini, abin da ya tsira da shi gwangwani ɗaya ne na irin wardi, wanda kakata ke ce wa fulawa kawai. Bai kai ga shukawa ba ya rasu, aka binne shi a bayan gida. Ita kuwa ta ɗau alkawari sai ta ga furen nan a kan kabarinsa.

Kun san yadda manoma ke gwada iri. A zuba a ruwa, wanda ya taso fanko ne, wanda ya nutse shi ne mai rai. Haka take yi wa masara da dawa, kuma gwajin bai taɓa ba ta kunya ba. Duk farkon damina sai ta ɗebi kaɗan daga gwangwanin ta jiƙa, ta zubar da na sama, ta shuka sauran da addu'a. Mu jira har a ci sabuwar doya, ciyawa kawai ke fitowa. Ni na gaji da ban ruwa tun tuni, har ina tsokanarta wai duwatsu mijinta ya bar mata.

Shekarar da irin ya ƙare, ta zauna a gefen kabarin ta daɗe tana kallon tafin hannunta. A ranar na ji cewa ita da kakana sun yi faɗa da safen ranar da ya faɗi ya rasu, kuma ba su shirya ba.

"Iri yana da rai, jikana," ta ce. "Hannuna ne bai so. Har yanzu kakanka yana fushi."

Sai da na girma wani mai sayar da furanni a Kafanchan ya gaya mini irin wardi ba ya tsira sai ya yi watanni cikin sanyi mai tsanani, wanda ƙasarmu ba ta da shi. Yanzu ma ba mai wahala da iri, dashe ake saye a leda a bakin titi.

Ashe ba wanda ke fushi da ita. Ga ta can kwance a kabari kusa da shi, kuma na rasa yadda zan gaya mata.